Muhawara: wa ya buɗe wa Axos ƙofa, Chinn ko Dakta?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na gama kallon The Claws of Axos karo na uku, wato Faratan Axos, labarin shirin talabijin na Doctor Who mai kashi huɗu da BBC ta nuna daga 13 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu 1971, zamanin da Jon Pertwee yake fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ga gara in kawo ta nan mu tattauna.

Ga wanda bai gani ba: wani jirgi ya faɗo daga sararin samaniya ya nutse cikin ƙasa a kudancin Ingila, dab da tashar wutar nukiliya ta Nuton. Ya aiko da saƙon neman agaji, wai makamashinsa ya ƙare. Da manya suka shiga ciki sai suka tarar da mutane huɗu, miji da mata da yara biyu, jikinsu kamar an zuba musu zinariya, magana a tausashe, ba makami ba tsawa. Suka ce ba abin da suke so sai ɗan makamashi su ƙara gaba, tukuicinsu kuma wani sinadari ne mai suna Axonite wanda ke iya kwaikwayon kowane abu, ya girmar da shi ko ya ninka shi. Nan take suka gwada a kan kwaɗo, ya kumbura ya zama ƙato a gaban idon kowa, suka sake mayar da shi yadda yake. Kowa ya fara lissafin ƙarshen yunwa a duniya. Alhali jirgin da mutanen zinariyar da sinadarin duk halitta ɗaya ce mai tsotsar rai, sunanta Axos, kuma so take a rarraba Axonite a faɗin duniya cikin awa 72 don ta shanye komai.

Abin da nake cewa shi ne, Axos bai yi wata ƙarya mai zurfi ba. Ƙaryarsa ko yaro zai gano ta. Abin da ya iya shi ne karanta abin da kowane mutum yake so a ce da shi. Kowa kan ɗora laifin a kan Chinn, jami'in gwamnatin Birtaniya, ni kuwa a kallon jiya sai na ga Dakta ma hannunsa dumu-dumu a ciki. Ina son jin ra'ayinku.

Ɗalibin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai ban ga inda za a haɗa Dakta da Chinn ba. Dakta ne fa kaɗai ya yi tambayar da ta kamata: in har sinadarinku yana iya sarrafa kowane irin makamashi, yaya aka yi naku ya ƙare? Mutumin zinariyar ya kewaye tambayar, sauran kuma ba wanda ya bi ta kanta. Chinn kuwa shi ne ya sa aka harba wa jirgin makamai masu linzami tun bai sauka ba, tun bai san ko su wane ne a ciki ba. Kafin rana ta faɗi kuma shi ne ya koma gefe yana ƙulla yarjejeniya da su cewa Birtaniya kaɗai za a ba Axonite. Da Birgediya, shugaban sojojin UNIT na Majalisar Ɗinkin Duniya da Dakta yake aiki da su, ya ƙi yarda, ya kira sojojin ƙasa suka tsare shi da mutanensa. Wannan ai ba sai an yi muhawara ba.

Tsohon Akawu:
Yarona, ka bi a hankali. Na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin gwamnati kafin in ajiye, kuma duk lokacin da na kalli Chinn tausayinsa nake ji fiye da haushi. Ku sake kallon wurin da yake waya da Minista. An ba shi iko na musamman, amma an gaya masa ƙarara cewa in abu ya lalace wuyansa ne a kan wuƙa. Na san wannan wayar. An taɓa tura ni wani taro da umarni na baki, ba takarda, aka ce in tabbatar ofishinmu bai tashi hannu rabbana ba. Na yi abin da aka ce. Da magana ta juya, wanda ya aike ni shi ne ya fara tambayar wa ya ba ni izini. Wata uku ina amsa takardar tuhuma.

Ban ce Chinn ba shi da girman kai ba. Yana da shi, har ya yi masa yawa. Amma girman kan ƙaramin ma'aikaci ne da ya daɗe ana taka shi, ya hango ranar da sunansa zai shiga tarihi. Sannan ku dubi shekarar. A 1971 Birtaniya ta riga ta saki yawancin ƙasashen da ta mulka, gwamnatin Edward Heath tana ta cinikin shiga Kasuwar Tarayyar Turai, abin da bai tabbata ba sai 1 ga Janairu 1973. Ƙasa ce da ta saba ana jin tsoronta, ta wayi gari tana neman a karɓe ta. Marubutan, Bob Baker da Dave Martin, sun ɗauki wannan ciwon suka sa masa kwat da hula suka kira shi Chinn. Ba shi ya ƙirƙiro son a ce Ingila ce gaba ba, a ofis ya tarar da shi.

Ɗalibin Kimiyya:
Allah ya ba ka haƙuri Baba, ban yi nufin taɓa maka tsohon ciwo ba. Amma kai ai ba ka sa an kulle abokan aikinka ba.

Tsohon Akawu:
Ban sa ba, gaskiya ne. Wannan kam laifinsa ne shi kaɗai, ba zan kare shi a kai ba.

Uwar Biyu:
Sallama gare ku. Duk kuna ta maganar maza, kun tsallake wadda ta ga gaskiya da idonta tun a kashi na farko. Jo Grant, mataimakiyar Dakta. An ce ta tsaya a waje, ta saci jiki ta shiga jirgin. Ta ji muryar Bill Filer, Ba'amurken nan da ya zo daga Washington farautar Masta, babban abokin gabar Dakta, yana kiran a cece shi. Sannan ta ga abin nan ya ɓullo daga bango, jajir, jikinsa duk saiwoyi kamar an tumɓuke tsohuwar bishiya. Ta ƙwalla ƙara. Me aka ce mata? Mutumin zinariya ya ce kusantar injin jirgin ne ya sa idonta ya yi mata gizo. Shi ke nan. Manyan mutane biyar suna tsaye, da Birgediya da masana biyu, suka ɗauki maganar baƙon da suka sani minti ashirin da suka wuce, suka ajiye ta yarinyar da suke aiki da ita kullum. Shi ma Dakta bai tsaya mata a gabansu ba.

Wannan wurin yana ƙona mini rai don ya taɓa faruwa da ni. Ina aikin lissafin kuɗi a wani wuri, aka kawo mana wani ɗan kwangila mai bakin zuma da kaya masu tsada. Na duba takardunsa na ga lambobin ba su haɗu ba. Na faɗa a taro. Shugabanmu ya yi murmushi ya ce gajiya ce, ga goyo ga aiki, in je in huta. Bayan wata biyar aka neme shi sama ko ƙasa. Ba wanda ya dawo ya ce mini ashe ke ce da gaskiya. Ita ma Jo har labarin ya ƙare ban ji wanda ya ba ta haƙuri ba.

Baban Hanifa:
Anti, kin taɓo daidai inda nake nufi. Me ya hana Dakta tsaya wa Jo? Mutane kan ce dabara ce, ba ya son Axos ya san an gano shi. Na yarda akwai wannan. Amma ku bi shi daga nan ku ga inda ya nufa. Kai tsaye ya manne wa Winser, masanin nan na tashar Nuton mai na'urar ingiza ƙwayoyin zarra da gudu. Me yake so a wurin Winser? Ku tuna halin da Dakta yake ciki. Tun ƙarshen The War Games a 1969 mutanensa, Sarakunan Lokaci, suka yanke masa hukuncin zama a duniyarmu, suka kashe masa TARDIS, wato jirginsa na tafiya cikin lokaci da sarari, suka toshe masa ilimin tafiya cikin lokaci a ƙwaƙwalwarsa. Mutumin da ya saba yawo tsakanin taurari an ɗaure shi a Ingila yana karɓar umarni daga soja. Da ya ga Axonite ya ga na'urar Winser, ƙofar fita ya hango.

Kuma shi ne da hannunsa ya saka Axonite cikin na'urar, bayan Winser ya fita, don ya tabbatar shi ya fi kowa sani. Sinadarin ya farka. Winser ya dawo a guje zai kashe na'urar, abin ya cinye shi nan take. Chinn da duk haukansa bai kashe kowa da hannunsa ba. To wa girman kansa ya fi tsada?

Ɗalibin Kimiyya:
Yaya wannan hukuncin ya yi tsauri. Gwajin nan ne fa ya tona asirin cewa jirgin da mutanen da sinadarin abu ɗaya ne. Ba don shi ba da sai an gama rabawa duniya kafin a farga. Kuma shi Winser ɗin ba waliyyi ba ne. Tun haɗuwarsu yake raina Dakta, yana kallonsa kamar mai maganin gargajiya a bakin kasuwa, burinsa kawai sunansa ya fito a kan binciken.

Baban Hanifa:
Ƙanena, ban ce gwajin bai yi amfani ba. Niyyar da aka shiga da ita nake tambaya. Mutum biyu masu ilimi suna ɗaki ɗaya, ga abin da zai hallaka duniya a kan tebur, su kuma gardamarsu wa ya fi wani. Wannan ɗakin ya fi ba ni tsoro a kan dodannin.

Ɗan Jos:
Ku ba ni dama in shigo da Masta, don ni a ganina shi ne ya fi kowa fahimtar mutanen labarin nan. Roger Delgado da ya fito a Masta, Allah ya yi masa baiwar fuska da murya. Axos ya kama shi, ya riƙe masa TARDIS ɗinsa, shi kuma ya sayi ransa da nuna musu hanyar duniyarmu. Da Chinn ya ƙulle maganar Axonite a Birtaniya, shirin Axos ya tsaya cik, don su so suke ya bazu ko'ina. Kun ga abin mamaki ke nan, rowar Chinn ce ta kusa ceton duniya ba da saninsa ba. Sai Masta ya fita, ya ɗauke hankalin mai kula da rediyon UNIT da kallo, ya sa aka aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya labari. Bai yi wa kowa barazana ba, bai harbi kowa don wannan ba. Ya san da zarar sauran ƙasashe sun ji Ingila ta ɓoye wani abu, kowa zai ce sai an ba shi kasonsa. Haka kuwa aka yi, Minista ya juya ya umarci Chinn ya shirya rabawa duniya cikin gaggawa. Saboda haka Baban Hanifa, ba mutum ɗaya ko biyu ba ne suka buɗe ƙofa. Gwamnatocin duniya kaf suka miƙa hannu, ba wadda ta ce a tsaya a bincika tukuna.

Uwar Biyu:
Kyan ɗan maciji. Da da siffar saiwoyin nan suka fito tun farko, ko kyauta suka ce ba mai karɓa.

Ɗan Jos:
Sosai Anti. Kuma wani abu da nake so Baba Akawu ya ji: Peter Bathurst da ya fito a Chinn, shi ne ya fito a Gwamna Hensell a The Power of the Daleks ta 1966, labarin farko na Patrick Troughton a matsayin Dakta. Can ma irin wannan ce. Wani masani mai suna Lesterson ya tono Dalek, wasu halittu masu kisa da ke cikin sulken ƙarfe, ya farfaɗo da su, suka riƙa cewa su bayi ne masu hidima, ya riƙa ba su wuta da kayan aiki don yana ganin shi ne zai canza rayuwar mazauna wurin. Dakta yana ta ihu ba mai saurare. Gwamnan kuma yana can yana jin daɗin sarauta har aka kashe shi. Kashi shida ne kuma duk sun ɓace daga rumbun BBC, sai murya da ta rage, a kanta aka zana hotuna masu motsi a 2016.

Maganar ɓacewa ta tuna mini abin da nake alfahari da shi. A 2013 a garinmu Jos aka gano kashi tara na zamanin Troughton da aka fid da rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Philip Morris ne ya gano su. Fim ɗin da aka aiko Najeriya don a nuna, aka manta da shi a kan kanta shekara da shekaru. Shi kansa Faratan Axos kashi na 2 da na 3 an goge faifansu na asali, daga Kanada aka dawo da kwafi mai launi, shi ya sa in kun lura hotonsu bai kai na 1 da na 4 tsabta ba.

Tsohon Akawu:
Madalla da wannan bayani ɗana, ban san mutum ɗaya ne ba. Amma akwai wanda har yanzu ba ku ambata ba, kuma shi ne na kasa mantawa. Tsohon nan mai yawon bola, Pigbin Josh. Yana tafe a kan tsohon kekensa cikin sanyi, yana surutai shi kaɗai, yana tsince-tsince a juji. Shi ne ɗan Adam na farko da ya isa wurin jirgin. Ba a fito masa da fuskar zinariya ba. Ba a yi masa tayin komai ba. Jijiya ce ta fito ta naɗe shi ta ja shi ciki, aka auna ƙwaƙwalwarsa, murya ta yanke cewa ba shi da amfani, aka tsotse shi aka jefar. Da su Kyaftin Yates da Saje Benton na UNIT suka tsinci gawar, suna taɓawa fuskar ta rufta kamar busasshen ganye.

Ku duba da kyau. Wanda ba shi da iko ba a ɓata lokacin yaudararsa ba. Yaudara ta masu sa hannu a takarda ce. Kuma gawar nan hujja ce a fili tun kafin a ƙulla komai, amma wa zai dakatar da cinikin ƙarni saboda wani tsoho da ba a san danginsa ba?

Uwar Biyu:
Baba wannan ta shige ni. Wallahi ban taɓa haɗa shi da Jo ba sai yanzu. Ɗaya gawarsa ta yi magana, ɗaya bakinta ya yi, duka ba a ji ba.

Ɗalibin Kimiyya:
Sanyin da Baba ya ambata na gaske ne. A Dungeness da ke Kent aka ɗauki wuraren waje a watan Janairu 1971, tashar nukiliyar wurin ce ta zama Nuton. Yanayi ya riƙa juya musu, yau ƙanƙara gobe hazo jibi rana, dole aka ƙara layi a labarin cewa saukar jirgin ce ta rikita yanayin yankin. Wani suna da aka taɓa sa wa labarin ma The Vampire from Space ne, mai shan jini daga sama, daga baya aka canza. Na ji daɗin canjin, don wancan sunan ya tona asirin tun ba a fara ba.

Amma Yaya Baban Hanifa, ina da sauran magana. Ka manta Sir George Hardiman, shugaban tashar. Shi ma da farko idonsa ya rufe da zancen wuta marar iyaka. Da Axos ya maido da wutar kan tashar a kashi na 4, ya kori kowa ya tsaya shi kaɗai yana cire wayoyi da hannunsa har ta kashe shi. Ka ga ana iya ruɗar mutum ya dawo ya biya da ransa. Shi ma Dakta haka ya yi. Ya nuna wa kowa ya juya wa duniya baya, ya haɗa kai da Masta suka gyara TARDIS, ya shiga cikin Axos ya yi musu tayin haɗa ƙarfi su yaƙi Sarakunan Lokaci. Axos da ya gama karanta kwaɗayin kowa, nasa kwaɗayin na mallakar lokaci ya rufe masa ido. Dakta ya ɗaure shi a zoben lokaci, yana maimaita daƙiƙu ɗaya har abada. Da makaminsu ya ci su.

Baban Hanifa:
Na karɓi maganar Hardiman, ka yi gaskiya, na yi masa rashin adalci da ban ambace shi ba. Amma ta Dakta ga inda ta tsaya mini. Me ya sa Axos ya yarda da shi? Halittar da ke leƙa cikin ƙwaƙwalwa, wadda ta tsofar da Jo a gabansa, gashinta ya yi fari fatarta ta yamutse, don ta tilasta masa ba da lissafin tafiyar lokaci, ba za a ruɗe ta da ƙarya tsagwaronta ba. Ta yarda ne don haushin da yake ji na mutanensa gaskiya ne, son guduwarsa ma gaskiya ne. Kuma da ya kuɓuta daga zoben, ba shi ya juyo da TARDIS duniya ba. Sarakunan Lokaci ne suka saita ta yadda duk inda ta je sai ta dawo. Shi da bakinsa ya faɗa a ƙarshe, ya kwatanta kansa da abin wasan yara mai zare da ake jefawa ya dawo hannu. Da ba a saita ta ba fa?

Ɗan Jos:
Da ya dawo. Wataƙila ba ranar ba, amma da ya dawo. Hujjata ita ce da aka ɗage masa hukuncin a The Three Doctors, farkon 1973, wanda su Baker da Martin ɗin dai suka rubuta, an ba shi 'yancinsa cikakke amma ya ci gaba da komowa wurin Birgediya da Jo.

Uwar Biyu:
Wannan bayan shekara biyu ne ɗan'uwa, mutum yana canzawa. Ni tambayar Baban Hanifa a kan ranar nan take. Ku sake kallon wurin da yake sallama da su a ɗakin binciken, bindiga a hannunsa, Masta a gefensa. Jo tana roƙonsa kada ya tafi. In duk wasa ne, me zai rage masa in ya ɗan yi mata wata alama, ko da ƙifta ido ne? Yarinyar da aka ƙaryata a kashi na 2, aka tsofar a na 3, ita ce kuma aka bari tana kuka a bakin ƙofar TARDIS a na 4.

Ɗalibin Kimiyya:
Anti, Masta yana tsaye yana kallonsa. Ƙifta ido ɗaya ya isa ya rusa komai.

Baban Hanifa:
Yanzu na mayar da wurin baya na sake kallo, sau biyu. Ƙanena yana da hujja, Masta bai ɗauke ido daga kansa ba. Amma Anti, ki lura da abu ɗaya in kin sake gani: sauran duk sallama ɗaya ya yi musu a tsaitsaye, da ya zo kan Jo sai muryarsa ta sauka, ya ce zai yi kewarta. Ni ban san ko alamar ke nan ba, ko kuwa bankwana ne na gaske daga mutumin da bai da tabbacin zai sake ganinta. Baba Akawu, kai da ka fi mu sanin yadda mutum ke magana in ana sa masa ido, ka duba wurin in ka samu lokaci ka gaya mana abin da ka ji a muryar. Yana wajen tsakiyar kashi na 4.

Tsohon Akawu:
To ɗana. Bari jikana ya dawo daga islamiyya ya kunna mini, zan saurara da kyau in dawo muku bayan isha'i in Allah ya yarda.